Tekna da Jakar Ƙwallon Dabino

A Tasalwat, can gindin dutsen Bagzan, in ana zancen mata masu ƙarfin hali sai an ambaci Tekna. Ita ce ta taɓa fizge ɗan akuya daga bakin dila da hannu, ita ce ke shiga rijiyar lambu in guga ya faɗa, maza na tsaye a sama suna ba da shawara. Amma duk wannan ƙarfin hali, ba ta bin hanyar da ta ratsa gaban ɗakin halwa. Gara ta zagaya ta cikin ƙorama, yashi na ƙona mata ƙafa, da ta gifta ta ƙofarsa. Ɗan ɗakin dutse ne na mata, sama da maƙabarta kaɗan, ba shi da taga, tabarmar kaba ce ƙyaurensa. Mu da muka tashi tare da ita mun san dalili. Ko taubashiyarta Shitna, wadda bakinta bai bar kowa ba a garin nan, ba ta taɓa tsokanarta a kan wannan ba.

Tana 'yar shekara tara mahaifiyarta Lalla ta shiga ɗakin. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mace in wata damuwa ta sha mata kai, ko kuwa tana neman kusanci da Ubangijinta, takan je wurin malamin gari ta nemi izini, ya ba ta suna ɗaya cikin sunayen Allah, ya haɗa ta da jakar fata cike da ƙwallon dabino. Duk zagaye ɗaya na carbi, sai ta ɗauki ƙwallo ɗaya ta jefa a akushi. Ranar da jaka ta ƙare adadi ya cika, sai ta kama bakinta. Abin da tsofaffi ke jan kunne a kai ke nan: kada a gaza, kada a wuce. Wadda ta gaza ta yi wahalar banza. Wadda ta wuce kuwa, sunan ya fi ƙarfin kanta.

Lalla ta shiga ne wata biyu bayan ta haifi ɗa namiji ya koma. Ta yi kwana bakwai ta fito lafiya lau, har aka yi mata barka. Sai da damina ta faɗi aka fara ganin wani abu. Takan tsaya da guga a hannu tana sauraron abin da ba wanda ya ji. Takan yi dariya ita kaɗai a bakin murhu. Ran da ƙorama ta kawo ruwa, sai ga Lalla ta naɗe zane ta nufi tsakiyarsa tana cewa kiranta ake yi, da ƙyar mutum uku suka jawo ta. Tsofaffi suka girgiza kai suka ce ta wuce adadi. Aka ɗaure ta a gindin aduwar da ke bayan bukkarsu, aka kafa mata 'yar rumfa.

Shekara goma sha ɗaya tana wurin, kuma Tekna ce mai kai mata abinci. Kullum da safe ita ke kwance igiyar daga wannan ƙafa ta mayar waccan don kada ta ci fata, ta shafa mata mai a wurin. Wata rana uwar ta gane ta, ta jawo kanta ta yi mata kitso tana waƙa. Wata rana kuma ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Ke kuma 'yar wa ce?” Ta taɓa cizonta a hannu har tabon ya zauna, amma wannan tambaya ta fi cizon ciwo. Haka Tekna ta girma da tsoro ɗaya tak a ranta, tsoron ranar da ita ma za ta dubi abin da ta haifa ta kasa gane shi.

Ta auri Bazo mai lambu, mutum mai sanyin hali wanda hirarsa da raƙumin da ke ja masa ruwa ta fi hirarsa da mutane yawa. Suka haifi biyar, uku suka tsaya. Bazo ya rasu tana da shekara arba'in, ya bar mata itatuwan dabino shida. Salla ba ta wuce ta, azumi har da na nafila, amma carbi ko taɓa shi ba ta yi. Tasbihin bayan salla a gaɓoɓin yatsu take yi, tana gamawa ta dunƙule hannu don kada ɗaya ya kuɓuce ya ƙaru. Sana'arta awaki da cuku. In rani ya tsananta ciyawa ta ƙare, takan bi gida-gida ta tara ƙwallon dabino, ta jiƙa, ta daka musu. Ba ta kiran awakinta da baki. Girgiza akushi kawai take yi, ƙwallayen su yi kacau-kacau, sai ka ga awaki na gangarowa daga kan duwatsu da gudu, wata tsohuwa mai ƙaho ɗaya kullum a gaba.

Minata ce autarta, kuma ita kaɗai ce mace. Haihuwarta ta fari a bukkar uwarta ta yi kamar yadda aka saba, mijin yana can ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma. Aka raɗa wa jaririyar suna Asalama. Bayan suna da kwana goma Minata ta daina magana. A miƙa mata 'yar ta ba ta nono, sai ta kau da kai. A ba ta fura, ta riƙe ƙwaryar har ƙudaje su taru. Tekna ta ce gajiyar haihuwa ce, ta faɗa wa kowa haka, ta faɗa wa kanta ma. Sai ran nan da hantsi aka tarar da Minata tsaye a bakin rijiyar lambu, ta miƙa jaririyar saman ramin tana leƙa ruwan. Shitna ce ta lallaɓa ta bayanta ta karɓe 'yar.

Kafin azahar Ewangai, babban ɗan Tekna, ya shigo da igiya a kafaɗa.

“Wannan fa?” in ji Tekna.

“Inna, kin san ko ta mece ce.”

“Ta raƙumi ce. Mayar da ita wurin raƙumi.”

“Yau rijiya ce, gobe ba mu san ina ba. In ta jefa 'yar mutane, me za mu ce da ubanta in ya dawo? Ni ma ƙanwata ce, Inna. Ba don ina jin daɗi ba.”

“Ba ka san igiya ba, Ewangai, ni na san ta. In ta shiga ƙafa ba ta fita sai ranar wankan gawa. Ka ba ni kwana bakwai.”

“Ki yi me da su?”

Tekna ta juya ta dubi hanyar ɗakin halwa. Shitna da ke zaune da jaririyar a cinya ta ɗago ta dube ta, ta gane. Ta ce, “La'ilaha illallahu. Ke? Ke da ko inuwar ɗakin nan ba kya takawa?”

Ewangai ya ce kwana bakwai ɗin ya ba ta, amma ko wuni ɗaya ba zai ƙara ba.

Malam Alkasum ya saurare ta bai katse ta ba. Shi ya gaji mahaifinsa, wanda ya ba Lalla tata jakar. Ya ce akwai sunan da ake ja wa wanda hankalinsa ya gushe, kuma ya fi karɓuwa daga bakin uwa. Ya faɗa mata shi a hankali sau uku, ta maimaita. Ya ce ƙafa dubu saba'in cikin kwana bakwai, da azumi, ba magana da kowa, ba fita sai don uzuri, shi ma da lulluɓi. Aka miƙo jakar daga cikin gida. Tekna ta karɓa da hannu biyu.

“Allah gafarta Malam, ƙwallo ɗari bakwai ne cif?”

“Abin da ke ciki shi ne naki. In ta ƙare ki tsaya.”

“In na yi kuskure fa?”

“Ki ji tsoron Allah, Tekna, ki bar tsoron jaka.”

Magana ce mai sauƙi a bakin wanda bai taɓa kwance igiya daga ƙafar uwarsa ba, amma ba a gaya wa malami haka. Carbi Shitna ta ara mata. Akushi kuwa, da yake hankalinta ba ya jikinta, wanda hannunta ya fara kaiwa ta ɗauka, wato na awaki.

Da aka saki tabarma a bayanta sai duhu da ƙanshin tsohuwar ƙasa. Daɓen ɗakin ya lotsa a wuri ɗaya, inda mata ke zama tun kakanni. Ta san uwarta ma nan ta zauna, ta daɗe a tsaye kafin ta iya durƙusawa. Ta ajiye jaka a dama, akushi a hagu, ta yi bisimilla. Tana jan carbin ɗaya-ɗaya, tana matse kowace ƙwaya da yatsa don kada biyu su wuce tare. In ta kai limamin carbi sai ta tsaya, ta ɗauki ƙwallo, ta jefa, ya ce ƙwal. Sai a rana ta biyu ta ɗan samu natsuwa, har ta fara jin daɗin sunan a bakinta, jin daɗin ma ya ba ta tsoro.

Kullum gab da magariba Shitna na hawowa da ƙwaryar fura mai cuku da dabino, ta ajiye a bakin ƙofa. Dokar ta hana Tekna magana, ba ta hana Shitna ba, kuma ko ta hana ba ji za ta yi ba.

“Ke 'yar gwaggo, kina raye ko in kira maza? To kada ki amsa, na san an ɗaure bakin. Wallahi gari ya huta. Shekara arba'in ina neman ranar da zan yi magana ba ki katse ni ba.” Sai ta rage murya. “Yarinyarki tana nan yadda kika bar ta. Ko'ina ta yi ina riƙe da bakin zanenta. Jaririya na shan nonon akuya, ta fi ki ci. Ewangai ya rataye igiyarsa a kan shinge inda kowa zai gani, ɗan nema, halin ubansa dai bai ɗauko ba.”

Rana ta huɗu bayan azahar Tekna ta lulluɓe kai, ta ɗauki buta ta zagaya bayan duwatsu. Ba ta daɗe ba. Tana dawowa ta ga tabarmar ƙofa ta karkace, daga cikin ɗakin kuma wani abu na yin garas-garas. Ta ce shi ke nan, mutanen ɓoye sun riga ta zama. Ta tsaya a rana har butar ta faɗi daga hannunta, sannan ta hango 'yar wutsiya na kaɗawa a bakin ƙofa.

Tsohuwar akuyarta ce mai ƙaho ɗaya. Kwana huɗu tana kiwo a kan duwatsun nan tana jin ƙarar ƙwallo a akushin da ta sani, tana jin ƙanshin uwargijiyarta, yau ta sami ƙofa. Ta kifar da akushi, ta tusa kai a jaka ta ja ta har tsakar ɗaki. Wanda aka ja da wanda ba a ja ba duk sun gauraye a ƙasa, ita kuwa tana tsaye a kai tana tauna, tana duban Tekna kamar mai jiran ƙari. Ko tsawa ba ta da halin yi mata. Ta kama ƙahon ta ja ta waje, ta tura ta gangare, ta dawo ta zauna a cikin ɓarnar.

Ta fita ta gaya wa Malam? Tana buɗe baki halwa ta karye, igiya kuma na kan shinge. Ta tsaya a nan? Minata na nan yadda aka bar ta. Ta tuna akushin yana da tsaguwar da aka ɗinke, kuma da safe ƙwallayen sun kusa kai ɗinkin. Ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta laluba har ramukan bango, ta cika akushi zuwa ɗinki, ta mayar da saura jaka. Jakar ta yi shafal a hannu. Nawa akuyar ta ci? Goma? Hamsin? Daga wane ɓangare? Ta zazzage ta sake rabawa, ta sake zazzagewa. Sau uku tana yi. In ƙwallo ɗaya ya yi ƙasa, duk wahalar ta tashi a banza. Daga ƙarshe ta gane abin da ba ta so ta gane: ba yadda za ta tabbatar ba ta gaza ba sai dai ta wuce.

Ta yi kuka ba sauti, zane a baki. Ta ce ko uwarta ma ta ga irin wannan rana a ɗakin nan, ko ɓera, ko gyangyaɗi, ba wanda ya sani. Ta ga kanta a gindin aduwa. Ta ga Minata na zuwa da ƙwarya, ita kuma tana tambayarta 'yar wa ce. Da kukan ya lafa sai ta tashi ta sake alwala, ta yi raka'a biyu, ta ce a zuciyarta, “Ya Allah, in kai ɗaya za a ɗauka a gidan nan, ga nawa.” Ta juye ƙwallayen duka a jaka. Ta kwashi tsakuwa daga gindin bango, kamfata uku, a madadin na cikin akuya, ta tsaya jim, ta ƙara ta huɗu. Ta fara daga farko.

Da yamma Shitna ta zo da labari. “Ke, tsohuwar akuyarki ta dawo cikinta kamar salka, sai nishi take tana tuƙar abin da ban sani ba. Ko lambun wa ta shiga? In ta mutu dai ni ke da fata, na riga kowa faɗa.” Ta yi dariyarta ta gangara. Tekna na ciki ta cije yatsa, furar ma a ranar ko rabi ba ta sha ba.

Aikin kwana bakwai ne ya koma na kwana uku. Barci sai abin da ya sace ta a zaune. Harshenta ya tsage, babban yatsanta ya yi bororo ya fashe. Rana ta biyar ta fara jin sunan na dawowa daga bango, kamar da wata a ɗakin tana amsa mata. Ta ji ƙarar ruwa na gudu a ƙorama alhali tsakiyar rani ne, ta tuna abin da ruwa ya ce wa uwarta, ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa ta ci gaba. Duk bayan zagaye goma takan gwada kanta: ta jero sunayen 'ya'yanta biyar, rayayyu da matattu. Rana ta shida ta zo kan na biyu, wanda ya rasu yana rarrafe, sunan ya ɓace mata. Ta ce abin ya fara. Can ya dawo. Ba ta sake gwada kanta ba, tsoron gwajin ya fi ƙarfinta.

Ranar bakwai da la'asar ta sa hannu a jaka ta lalubo fata kawai. Ta ajiye carbi, ta rufe baki. Harshen ya ƙi tsayawa. Yana ta motsi shi kaɗai, sunan na ta zuba a cikin kanta, kowane ɗaya ƙari ne a kan ƙari. Ta tusa yatsu biyu a baki ta danne shi. A haka Shitna ta ɗaga tabarma ta same ta.

“Fito, waliyyiya. Cire hannu a baki, ba yaye ki aka yi ba. Zo ki ga abu.”

Minata na zaune a inuwar bukka, ta rame, wuya duk ƙashi, amma Asalama na kan nono tana tsotso. Tun jiya da dare, in ji Shitna, ta nemi ruwan wanka, ta kuma tambayi ina 'yarta. Ta ɗago kai ta ce, “Inna, ina kika shiga? Na yi ta nemanki.” Mata suka rangaɗa guɗa. Ewangai ya sauke igiyarsa daga shinge bai yarda sun haɗa ido da kowa ba. Tekna ta zube ƙasa, mutane suka ce murna ce. Murna ce, ba ƙarya. Amma a ƙarƙashin murnar wani lissafi ya tsaya mata a rai. Tunda Minata ta warke, adadi ya cika ke nan a wani wuri cikin kwanakin nan, duk abin da ta ja bayansa kuwa wuce gona da iri ne. Da Malam ya tambaye ta ko an kammala, ta ce an kammala.

Shitna kaɗai ta gaya wa gaskiya, bayan kwana biyu, suna tsinkar tumatir a lambu. Shitna ta yi dariya har ta riƙe ciki. “Akuya? Mai ƙaho ɗaya? Ashe ita ce ta yi halwar!” Sai ta ga fuskar Tekna, dariyar ta yanke. “Ke, Allah bai ga akuyar ba ne?”

“Ya gani. Ya ga Inna ma.”

“Haba 'yar gwaggo.”

“Ki saurara. In abin Inna ya zo mini, ki sa Ewangai ya kai ni can rugar ƙanenki bayan dutse, a ɗaure ni a can. Kada Minata ta kai mini ko ruwan sha. Kada ta gan ni. Rantse.”

“Ni in ya zo kasuwar Agadas zan kai ki, ko a ba ni tukunya.”

“Rantse, Shitna.”

Ta rantse, hawaye na zuba a kan tumatir.

Shekara goma sha tara Tekna tana jira. Na uwarta da damina ya zo, saboda haka da hadari ya fara haɗuwa a kan Bagzan sai ta daina cin abincin kirki, ta daina kusantar ƙorama. Allura in ta ɓace mata, wuni ya ɓaci. Kullum da safe Shitna na leƙowa ta kan shinge ta ce, “Wace ce ni?” Ita kuma ta ce, “Shitna mai bakin tsiya.” “To lafiyarki ƙalau, je ki tatsi awakinki.” Mata suka riƙa kawo mata yara ta yi musu tofi, wai bakinta na da albarka, ta yi musu tana jin kunya. Abu ɗaya ke kwantar mata da rai. Minata ta haifi huɗu bayan nan, ko ciwon kai ba ta yi ba. Tekna ta yi imani ta tare abin da kanta, a wuyanta ya rataya, ba zai gangara kan zuriyarta ba. In tsoro ya taso mata da wannan take danne shi.

Bana Malam Alkasum ya rasu. Da matarsa Raishita ta fita takaba, Tekna ta je taya ta kwashe kayan ɗakinsa. A bayan alluna suka tarar da jakunkunan fata guda biyar rataye a ƙusa. Tekna ta ja da baya kaɗan.

“Yanzu wa zai riƙa ƙirga wa mata?” ta tambaya.

“Ƙirga me?”

“Ƙwallon. Ɗari bakwai ɗin.”

Raishita ta yi dariya irin ta tsofaffi, ba haƙori ko ɗaya. “Ke Tekna, da girmanki! Malam da ko awakin gidansa bai san yawansu ba? Ai ni ke cikawa. Ga buhu can a lungu, in kamfata in zuba har bakin jaka ya ɗauru. Duba ma, wata jakar ta fi wata girma.”

Tekna ta duba. Wata ta fi wata girma, kusan ninki.

“Na taɓa tambayarsa ina amarya. Ya ce ƙwallon don hannu ya sami abin yi ne, zuciya ta zauna wuri ɗaya. Ya ce Mai sunan ba ya ɓatan lissafi, kuma ba ya cutar da bawa don ya kira shi da yawa.”

“Ta Inna fa? Zamanin babansa?”

“Surukata ce ta cika, Allah ya ji ƙanta. Ita ta koya mini. Ita ma da hannu take kamfata.”

Tekna ta zauna a kan buzun Malam ba ta san ta zauna ba. Da farko wani sauƙi ne ya sauko mata, kafaɗunta suka saki, ta ja numfashi irin wanda ta manta ana ja. Ba ta wuce komai ba. Ba wanda ke zuwa ɗaukar kanta. Har ta fara murmushi, tana tunanin irin ashar ɗin da Shitna za ta lailayo in ta ji.

Murmushin bai gama buɗewa ba ya tsaya. In ba adadi ba ne, to me ya ɗauki Lalla? Lalla ta haihu, ba a jima ba abin ya same ta. Minata ta haihu, kwana goma bayan suna ta tsaya a bakin rijiya, ita da ko carbi ba ta taɓa riƙewa ba. Shekara da shekaru Tekna ba ta taɓa ajiye su biyun kusa da juna ta duba ba, saboda na uwarta an riga an ba shi suna tun tana yarinya. Ashe ba jaka ce ta kawo shi ba. A gidansu yake, yana bin matan gidan ta ƙofar haihuwa, kuma abin da ta ɗauka ta tare da kanta yana nan a sake, ba wanda ya tare shi.

Ta ƙofar ɗakin ana hango hanyar lambu. Asalama ce ke tahowa da kwandon albasa a ka, hannu ɗaya dafe da ƙugu, tana takawa a hankali saboda nauyin ciki. Bara aka yi mata aure, makon jiya ta dawo bukkar uwarta jiran haihuwa. Ta hango kakarta ta ɗaga murya, “Kaka, in ajiye miki albasa ko kin ƙoshi da gulma?” Ta wuce tana dariya.

“Lafiya, Tekna?” in ji Raishita. “Kin yi wani iri.”

“Ɗan Malam zai ba da izinin halwa?”

“Me zai hana? Wa za a yi wa? Wa ba shi da lafiya?”

“Ba kowa tukuna.”

Ta tashi ta ciro babbar jakar daga ƙusa, ta buɗe bakinta da hannu biyu a gaban buhun. Raishita ta dube ta, ta dubi hanya. Ta sunkuya ta kamfata ta zuba, ta kamfata ta zuba, har ƙwallayen suka kai wuyan jaka.

“Ya isa?”

Idon Tekna na kan hanyar da yarinyar ta bi.

“Ƙara,” ta ce.